Ɗakin kwana a bayan akori-kura: mai naɗewa ko mai tsayayyen bango?

A Amurka da Kanada, masu yawon buɗe ido kan ɗora ɗan ɗaki a bayan akori-kura, da gadonsa da murhunsa da tankin ruwa. Kafin ka je kallon ɗakin, buɗe ƙofar direba tukuna. A jikin ginshiƙin akwai takarda manne, an rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Wannan adadin ya haɗa da kai da iyalinka da duk tarkacenku, ba ɗakin kaɗai ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai rufin da ake naɗewa idan za a kama hanya, irin na kamfanin Four Wheel Campers. Ba shi da nauyi sosai, kuma da yake gajere ne, iska ba ta kaɗa shi, mota ba ta tangaɗi a kwana. Mai ƙaramar mota irin Ford F-150 ko Toyota Tacoma, nan ya kamata ya tsaya. Sai dai sanyi na ratsa tantin gefensa.

Na biyun mai tsayayyen bango ne, irin na kamfanin Lance, wasu har da banɗaki. Daɗin zama kam ba a magana. Amma nauyinsa a sama yake, shi ya sa babbar mota na giftawa za ka ji sitiyari na fizga. Manya daga cikinsu sai F-350, musamman mai tayoyi huɗu a baya.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne inda nauyin ya taru. Kamfanoni kan nuna wurin a jikin ɗakin, kuma ya kamata ya faɗa gaban gatarin baya ko daidai kansa. Da ya zarce baya, gaban mota ya yi sakayau, birki ya ragu, fitila ta koma haska sama.

Nauyin da dillali zai faɗa maka na ɗaki ne fanko. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce, ga tukunyar gas, ga batir. Balan-balan ɗin iska da ake sa wa a ƙafar baya na ɗaga mota ta daidaita, amma ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da takardar ƙofa ta ce. Ka loda komai, ka hau sikelin manyan motoci, a auna maka gatarin gaba daban, na baya daban, sannan ka gwada da iyakar nauyin da ke rubuce a gefen tayoyinka.