Mai sakata ko mai liba: wadda ta jure ƙurar Maradi

Bindigogi biyu na yi farautar zabin daji da zomaye da su a ranin da ya wuce, duka masu cin ƙaramin harsashin .22. Ɗaya tawa ce, mai sakata, wato wadda ake ɗura wa harsashi da wani ƙarfe mai hannu a gefe kamar sakatar ƙofa, ƙirar ƙasar Cek. Ɗayar mai liba ce, wato wadda ake ɗura wa harsashi da wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashinta, ƙirar Amurka, ta yayana, ita ma da takardunta. In za a sake ba ni zaɓi, mai sakatar zan ɗauka, kuma ƙura ce ta raba gardamar.

Ba zan ci haƙƙin mai liba ba, tana da daɗin riƙo. Jikinta shafal ne, babu abin da ya turo gefe da zai kama riga ko ƙaya. Harsasai suna jere cikin dogon bututu a ƙarƙashin hancinta, sun fi goma. Ka tura libar ƙasa, kwanso ya fita, ka mayar da ita, wani harsashi ya hau, duk ba ka ɗage kumatu daga ƙotar ba. In garken zabi ya watse, wannan saurin yana da rana. Yayana bahago ne, liba kuwa kowane hannu yana sarrafa ta, shi ya sa ba ya son jin zancen wata.

Amma fa duk sanda aka buɗe libar, cikin bindigar a waje yake. A jigawar arewacin gari, inda iskar hunturu ke kwaso rairayi mai laushi, kafin la'asar sai ka ji tana ƙaras-ƙaras a hannu, musamman in an cika mata mai. Gyaranta sai an koma gida an shimfiɗa tsumma, don ƙananan ƙarafan cikinta suna da yawa, in ɗaya ya faɗa ƙasa sai dai haƙuri. Ga shi in ka kwanta rub da ciki kana fakon zomo, libar ƙasa take dukawa, dole ka karkata bindigar, saiti ya lalace.

Mai sakata kuwa, ka cire gidan harsashi, ka tabbata babu komai a ciki, ka danne kunamar, ka ja sakatar baya ta fito gaba ɗaya a tafin hannunka. Ka goge ta, ka leƙa cikin hancin bindigar daga baya har ka hango haske, ka zura sandar goge, ka mayar. A gindin gawo ma ana yi. Biyar kawai gidan harsashinta ke ɗauka, kuma tana da nawa, sai ka ɗaga, ka ja, ka tura, ka saukar. Ni dai nawar ba ta dame ni ba, don inda na saita nan take zuwa, harsashi kuma ba araha gare shi ba a garin nan. Abin da ban so ba shi ne makullin tsaronta: gaba ake tura shi ya kulle, baya ya buɗe, saɓanin abin da hannu ya saba. Sabon shiga ya kiyaye.

Manyan bindigogi ma haka bambancin yake. Sakatar da Paul Mauser na Jamus ya fitar a 1898 tana kullewa da haƙora biyu a gaba, dab da harsashi, shi ya sa take jure harsasai masu ƙarfi, har yau kuma ana kwaikwayonta. Mai liba Winchester 1894 da John Browning ya zana, wadda ta yi suna da harsashin .30-30, ita sai harsashi mai dakusasshen kai, domin a cikin bututun da harsasai ke jere tsinin na baya yana kan gindin na gaba, girgizar harbi tana iya tayar da shi.

Kowacce mutum zai saya, ya fara neman izinin riƙe bindiga da na farauta, ya tambayi ma'aikatan gandun daji lokacin da aka buɗe farauta. Gadabeji wurin kare namun daji ne, ba a harbi can. Wajen Madarunfa da dajin Baban Rafi kuwa, da halin rashin tsaro da iyakar Najeriya ke ciki, ni ban kai bindigata can ba bana.