Sikanin ido da aka yi wa Babanmu

Duk mai dattijo mai ciwon suga a gida ya kamata ya san da wannan gwajin. Idon Baba na dama ne ya rufe, da farko yana cewa baƙaƙen ɗigo na yawo masa da walƙiya ta gefe, daga baya duhu ya sauko ya rufe rabin ganin. Likita ta haska ciki ba ta hango komai ba saboda jini ya taru a idon, shi ne ta ce a yi sikanin da suke kira B-scan, mai nuna hoton cikin ido a allo.

Ba zafi ko kaɗan. Ya rufe ido, aka shafa jel mai sanyi a kan fatar idon, aka ɗora kan na'urar, ko minti 10 ba a yi ba. Abin da ya fi min daɗi likitar ta juyo da allon ta nuna min. Cikin idon baƙi ne, sai ga wani layi fari mai kauri ya taso kamar harafin V, gindinsa manne daidai inda jijiyar gani ta shigo. Ta ce retina ce, tantanin bayan ido, ta ɓanɓaro. Ta ce "Baba duba hagu, yawwa, duba dama," layin ya ɗan girgiza amma bai saki jijiyar ba. Ta ce da ruwan cikin idon ne kawai ya janye, layin siriri zai fito dishi-dishi yana ta lilo in ido ya motsa, kuma wannan sau da yawa bibiya kawai ake yi, amma na Baba sai tiyata. Kun ga ashe aikin ba na na'ura kaɗai ba ne, sai an samu wanda ya iya karanta hoton.

Inda raina ya ɓaci takardar sakamakon, gajerun kalmomin Turanci ne zalla, wanda bai samu bayanin baki ba haka zai koma gida bai san abin na gaggawa ba ne. Ga layi tun safe, tsofaffi a tsaye.

Don Allah in an yi muku sikanin aka ce retina ta ɓanɓaro, ku tambaya ko tsakiyar retina, wato makula, ta tashi ko tana nan, domin in ba ta tashi ba gaggawar ta fi tsanani, ana so a yi aikin kafin ɓanɓarowar ta kai gare ta. Ta Baba ta riga ta tashi, an yi tiyata an sa masa man silikon a idon, yanzu yana gane mutum in ya matso kusa, Alhamdulillah.