FEMM: wata biyu ina gwada kwayil a kwamfuta kafin in naɗa waya

Ni dai sana'ata naɗin kwayil ne a nan Jos, fanka, injin ban ruwa, moto, kwanan baya kuma na fara haɗa makullin get na lantarki, irin wanda in ka ba shi wuta kwayil ya janyo sandar ƙarfe ciki. Uku na tura Abuja, biyu suka dawo. Wai da safe lafiya lau, amma da rana in get ya daɗe a buɗe kwayil na riƙe da wuta, aka rufe aka sake dannawa, sai sandar ta ɗan motsa ta tsaya. A shagona kuwa cikin sanyin Disamba ras yake aiki, har na fara zargin batirin masu get ɗin.

Ƙanena mai karatun injiniya ne ya saka min FEMM 4.2, wata manhaja mai gwada maganaɗisu da zafi a kwamfuta, a tsohuwar laftof ɗina, ya ce Yaya ka daina ƙona waya a banza. Kyauta ce, wani David Meeker ya rubuta ta, a Windows take aiki kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, ba irin su COMSOL da Ansys Maxwell ba da kuɗinsu sai kamfani.

Wajen maganaɗisu gaskiya ba ni da ƙorafi. Tunda kwayil ɗina zagaye ne rabinsa kawai na zana, na faɗa mata nan iska ce, nan ƙarfe, nan waya zagaye kaza, ta yayyanka zanen ƙanana ƙanana, cikin daƙiƙu ta fito da layukan ƙarfin da launi. Nan na ga murfin bayan da na yi ya yi siriri, wajen ya yi jawur ya kusa tesla 2 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, ma'ana ƙarfen ya ƙoshi, ko ka ƙara wuta jan ba zai ƙaru sosai ba. Shekara nawa ina wannan aikin ban taɓa ganin abin da ido ba sai ranar. Amma fa ka manta wuri ɗaya ba ka sa masa suna ba, ta ƙi tafiya, na sha wannan har na gaji.

Inda ta ba ni wahala shi ne zafi da motsi, kuma su ne ainihin matsalata. A cikin manhajar sandar ba ta motsi da kanta, sai ƙanena ya rubuta ɗan umarni da Lua, wani yaren kwamfuta, yana matsar da ita milimita ɗaya ɗaya yana karanta ƙarfin jan a kowane mataki. Zafi kuma fayil daban ne, kai za ka lissafa wat nawa wayar ke ci ka kai can da hannu, ka sa zafin gari, ka karanta sakamako, ka dawo ka gyara wutar, ka sake komawa, haka dai kamar mai ɗiban ruwa daga rijiya biyu.

A wannan kai da kawowar ne dai abin ya fito fili. Wayar kopa duk digiri ɗaya da ta ƙara zafi turjiyarta na ƙaruwa kusan kashi 0.39 cikin ɗari. Kwayil ɗina om 6 ne a digiri 20, a bolt 12 yana jan amfiya 2. In ya kai digiri 100 cikin akwatin ƙarfe a ranar Abuja ya koma kusan om 8, amfiya 1.5, kuma a farkon tafiya da ratar da ke gaban sandar ke da faɗi jan yana bin wutar ne in an ninka ta da kanta, sai ya rage bai kai kashi 60 ba. Sifirin da ke tura sandar waje ya fi ƙarfin jan kenan, batirin bayin Allah ba ruwansa.

Na ƙara kaurin murfin, na rage ratar farko, na sa wutar ta ragu da zarar sandar ta shige. Yadda iska ke ɗauke zafi daga jikin akwatin kam ƙiyasi na sa, shi ya sa sabon sai da na shanya shi a kan kwano da tsakar rana na yi ta dannawa kafin na kai shi tasha.