Hitar tankin kifi, bayan hunturu ɗaya da ita

Wallahi ranar da mai shagon kifi ya ce in haɗa da hita mai ɗumama ruwan tanki dariya na yi, na ce haba malam, a Kano? garin da zafi ke neman gasa mu da rai? Ashe shi ya san abin da yake faɗa.

Angelfish, wani irin kifin ado, guda huɗu gare ni a lokacin a tanki mai lita 120, kuma su asalinsu daga kogin Amazon ne can Kudancin Amurka, ruwan ɗumi suka sani, digiri 24 zuwa 30 haka. To da sanyin Disamba ya kankama sai na fara ganinsu da asuba sun takure a lungu guda, dogayen fukafukan nan nasu duk a tsuke, kifin da in sun hango ni suke tururuwa gaban gilashi yanzu ko abincin ba sa kallo, bayan kwana uku sai ga fararen ɗigo a jikinsu kamar an barbaɗa gishiri. Ɗaya ya mutu, baƙin, wanda ƴata ta fi so kuwa.

Na koma shagon kai a sunkuye na sayo hitar mai watt 100, ta gilashi, da robobi biyu da ake manna ta a bango. Aiki kam tana yi, in ruwa ya kai inda ka saita ta kashe kanta, ya huce ta kama. Amma lambobin kanta kar ka yarda da su! Na sa 27, ma'aunin zafi na nuna min 25, sai da na murɗa zuwa 29. Kuma a hankali na riƙa ƙarawa, ba a lokaci ɗaya ba. In za ka rage ruwa ka zare ta tukuna ka bari ta huce, in ta fito fili da zafinta fashewa take.

In an ɗauke wuta da dare kuma ba ta da wani amfani, bargo nake lulluɓa wa tankin, maiɗakina har tsiya take min wai kifi sun ƙwace bargon gida.

Abin dariyar, a Fabrairu biyu suka haɗa kai suka kori na ukun gefe, duk ganyen da ke tankin bai musu ba sai jikin hitar suka jera ƙwai reras. Washegari suka cinye abinsu. Yanzu zafi ya dawo na zare ta na ajiye a kwalinta sai Nuwamba in Allah ya kai mu.