Tashar mawaƙi ɗaya ko ta gamayya: wacce za ka kama a SiriusXM?

A Amurka, kamfanin rediyon tauraron ɗan'adam na SiriusXM, wanda aka samar bayan haɗewar Sirius da XM a 2008, yana da tashoshin kiɗa iri biyu. Akwai na gamayya kamar 80s on 8, inda ake zubo waƙoƙin shekarun 1980 daga mawaƙa barkatai. Akwai kuma waɗanda aka keɓe wa mawaƙi ɗaya ko ƙungiya ɗaya.

Ta gamayya ba ta buƙatar dogon bayani. Ka kunna, ka kama hanya, abin da ya zo ka ji.

Ta mawaƙi ɗaya ce ke da abin tattaunawa. Elvis Radio ta fara aiki a 2004, kuma daga Graceland, gidan marigayi mawaƙi Elvis Presley da ke birnin Memphis, ake gabatar da shirye-shiryenta. Tashar ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Grateful Dead kuwa ta fi cin moriyar wannan tsari, domin a zamaninta ƙungiyar takan sauya salon rera waƙoƙinta daga wasa zuwa wasa, kuma an naɗi ɗimbin wasanninta, don haka rumbun ba ya ƙarewa da wuri. Ba kowa ke da irin wannan taska ba. Mawaƙan ƙungiyar Beatles ta Birtaniya, da aka buɗe wa tasha a 2017, ba su kai shekara goma suna fitar da faifai tare ba, dole ake cike gurbi da hirarraki da waƙoƙin da kowannensu ya yi bayan rabuwa.

Ni dai in tafiyar ta wuce awa biyu, ta gamayya nake komawa. Ko zuma ce, in ta yi yawa tana gundura.