Mun kai Nordkapp da mota, ga abinda na gani a zauren baƙinsu

Tunda muka dawo mutane ke ta tambayata abu biyu, wai Nordkapp, dutsen nan dake bakin teku can ƙarshen arewacin ƙasar Nowe, ya kai a sha wannan doguwar tafiyar saboda shi, sannan wai ginin nan da ake biyan kuɗi a shiga dole ne, ko mutum zai iya tsayawa a waje kawai ya ɗauki hotonsa ya juya. Amsata a taƙaice ita ce ka biya ka shiga, kuma ka je da niyyar zama ba ta leƙawa ba. Bari in faɗi dalili.

Mu uku ne, ni da maiɗakina da Kawuna da ya zo mana ziyara daga Zariya. Daga Oulu ta ƙasar Finlan muka taso a ƙarshen watan Yuni da motar haya, tafiyar ta haura kilomita 900. Muka bi ta Rovaniemi muka kwana a Inari, inda sauro ya yi mana maraba irin wadda ban taɓa gani ba ko a damina a gida, washegari muka tsallaka iyaka muka shiga Nowe ta Karasjok, sai Lakselv, sai Olderfjord. Daga nan ne hanyar E69 ta fara, kilomita 129 har bakin dutsen, kuma wallahi wannan yankin kaɗai ya isa dalilin zuwa. Teku na hannun dama dab da kwalta, duwatsu a hagu sun jeru falle-falle kamar an tara faranti, bishiyoyi suna ta raguwa suna gajarta har ka neme su ka rasa gabaɗaya. A wani ƙauyen masunta muka ga manyan rumfunan katako da ake shanya kifi, wasu har lokacin da kawunan kifi a rataye, Kawu yace in tsaya. Ya sauka ya je ya shinshina ya dawo yana dariya yace ai wannan shi ne busasshen kifin da ƴan kudu ke kira okporoko, wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Kuma gaskiyarsa ne, Najeriya na cikin manyan masu sayen wannan kifin daga Nowe, musamman kawunan.

Abinda ya kamata direba ya sani kafin ya zo, barewar nan ta ƙasashen ƙanƙara mai ƙaho reshe-reshe tana yawo a kan titi kamar awakin unguwa, kuma ba na daji bane, dukiyar ƙabilar Sami ce, kiwonsu suke kamar yadda Fulani ke kiwon shanu, da bazara su kawo su tsibirin da Nordkapp yake su yi kiwo. Basa jin hon, basa sauri. Ka rage gudu kawai. Sai kuma ramin nan na ƙarƙashin teku, don Nordkapp a kan tsibiri yake mai suna Magerøya. An buɗe ramin a 1999, tsawonsa kusan kilomita 7, yana gangarawa har mita 212 ƙasa da teku sannan ya sake hawa, gangaren da tsayi sosai, ka sa ƙaramin giya kar ka ta danna birki. Kawu bai ce uffan ba tunda muka shiga, carbi kawai yake ja, sai da muka hango haske a ɗaya bakin yace alhamdulillahi da ƙarfi. A ciki mun wuce mutum biyu a kan keke suna hawa da kaya niƙi-niƙi, Allah Ya sani na tausaya musu.

Mun sha mai a Honningsvåg, shi ne garin ƙarshe mai girma, daga nan saura kilomita talatin da ƴan kai. Rana tas lokacin. Muna hawa tudun ƙarshe sai hazo ya rufe mu, ba irin na hunturu mai ƙura ba, fari ne fat mai laima, ko motar gabanka baka gani sai jan fitilarta. Muka isa wajen ƙarfe shida na yamma, na buɗe ƙofar mota iska ta nemi fizge ta daga hannuna, ma'aunin mota yana nuna digiri 5. Ƙwallon duniyar nan na ƙarfe da kowa ke hoto a gindinsa tun da aka kafa shi a 1978, sai da muka zo kusa dashi sosai sannan muka ga inuwarsa. Teku kuwa babu ita sam. Kana jin ƙararta can ƙasa, don dutsen tsayinsa mita 307 ne a miƙe, amma ido baya ganin komai bayan shingen waya. Maiɗakina ta kalle ni tace "Baban yara, wannan muka yi kwana biyu a hanya mu gani?" Minti goma bamu yi ba a wajen, yatsu suka daina ji.

To anan ne amfanin zauren ya fito, sunansa Nordkapphallen. Kuɗin shiga ba kaɗan bane musamman ku uku, amma komai a Nowe haka yake da tsada, kuma a ganina abinda kake saya ba kallon kayan tarihi bane kawai, wurin jira ne mai ɗumi, tunda hazon wurin nan zuwa yake ya tafi yadda ya ga dama ba wanda zai ce maka ga lokacinsa. Naga motoci da yawa sun zo, mutane sun fito da gudu sun yi hoto cikin farin hazo sun koma mota sun tafi, wasu daga Jamus wasu daga Italiya in ka duba lambar motar, dubban kilomita kenan, raina ya ɓaci saboda su sosai. Mu muka shiga muka samu tebur kusa da babbar tagar gilas mai kallon arewa muka zauna.

Abinci. Mu dai kifi muka tsaya a kai don kauce wa shakku kan nama. Miyar kifi muka sha mai madara-madara da burodi da man shanu, da zafinta, kifin a ciki manya-manyan yanka ba ƙashi, gishiri daidai, yaji ne babu ko kaɗan amma maiɗakina bata tafiya ba yajinta a jaka, ta barbaɗa mana aka ci gaba. Na tambayi yarinyar dake kan kanta ko akwai giya ko naman alade a miyar, bata amsa da ka ba, sai da ta shiga kicin ta tambayo ta dawo tace babu, wannan ya burge ni ƙwarai. Bayan nan muka ɗauki shayi da wainar fulawarsu mai zanen zuciya wadda ake ɗora wa jam da wani cuku ruwan ƙasa mai zaƙi-zaƙi. Ni ban iya cukun ba, Kawu kuwa yace ɗanɗanon alewar madara yake ji, ya cinye nasa ya ƙara da nawa. Mun fi awa biyar a teburin nan da kewayensa ba wanda ya zo ya nuna mana mun daɗe.

Yawancin ginin a cikin dutse yake ta ƙasa, daga waje bazaka san girmansa ba. Akwai ɗakin kallo da ake nuna gajeren fim a faffaɗan allo kan yadda wurin ke canzawa a shekara, babu surutu sai hoto da sauti, don haka ko baka jin yaren kowa zaka fahimta. Anan Kawu ya ga yadda hunturun wurin yake, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu rana bata fitowa kwata-kwata, motoci sai sun yi jerin gwano a bayan motar share ƙanƙara kafin su iso. Daga nan sai wani dogon lungu mai gangarawa, an jera ƴan mutum-mutumi a bango suna bada tarihin wurin. Akwai na Richard Chancellor, baturen Ingila da ya wuce ta nan da jirgin ruwa a 1553 yana neman hanyar zuwa gabashin Asiya ta arewa, a wannan tafiyar ce aka raɗa wa wurin sunan da ake kiransa dashi. Akwai na Sarki Oscar na biyu, sarkin Suwidin da Nowe, da ya zo a 1873. Wanda yafi tsaya min a rai ɗan ƙaramin ɗaki ne na tunawa da Sarki Chulalongkorn na ƙasar Tailan, ya zo a 1907, lokacin ko hanyar mota babu, sai a 1956 aka yi ta, kafin nan ta jirgin ruwa ake zuwa a sauka a gindin dutsen a hau da ƙafa. Na tsaya ina tunanin mutum ya taso daga ƙasar zafi irin tamu a wancan zamanin ya hau wannan dutsen cikin wannan iskar, mu da muka zo da hita a mota muna ta ƙorafi.

Maganar sallah ita ce tafi damun Kawu tun a hanya. A Oulu ko a tsakiyar Yuni rana tana ɗan faɗuwa na ɗan lokaci, to amma nan daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Yuli bata faɗuwa sam. Kafin mu taso na tambayi malaminmu, yace a irin wannan wuri ana ƙaddarawa ne, ko ka bi lokacin gari mafi kusa da ake samun dare da rana ko ka bi lokacin Makka, kuma musulmin Tromsø, wani birni a arewacin Nowe, lokacin Makka suke bi a wannan tsakanin, mu ma shi muka ɗauka, ga rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗawa. Babu masallaci a zauren, ƙaramin coci ne a can ƙasa. Na samu wani ma'aikaci nace muna so mu yi sallah, nan take ya nuna mana wani gefe da ba'a yawan wucewa yace mu yi abinmu. Banɗakin tsaf, ga ruwan ɗumi, sai dai ka taho da gorar ruwa a madadin buta. Alƙibla kudu ce ta ɗan karkata gabas. Muka yi magariba da isha gari da haske kamar la'asar, da muka sallame Kawu ya daɗe zaune bai tashi ba, sannan yace "Ɗana, shekara sittin ina karanta wannan mas'alar a littafi, ban taɓa zaton zan yi aiki da ita ba."

Wajen ƙarfe goma da rabi wurin ya cika maƙil, manyan bas suka riƙa sauke mutanen jiragen ruwan yawon buɗe ido daga Honningsvåg, layin shayi ya yi tsawo, shagon tsaraba ba wurin sa ƙafa. In kana son sayen wani abu ko aika kati ta ƙaramin gidan wayan dake ciki mai hatimin Nordkapp, ka yi tun da wuri. Mu mun riga mun aika wa yara namu.

Sha ɗaya da kusan rabi naga mutanen bakin taga sun fara miƙewa. Hazon ya fara yagewa ta ƙasa, sai ga wani yanki na teku baƙi-baƙi ya bayyana, ya rufe, ya sake buɗewa, cikin minti kaɗan iska ta kwashe shi gabaɗaya kamar an yaye zani. Muka fita da gudu ko zif ɗin riga ban ja ba. Rana tana nan a arewa, arewa fa, inda bamu taɓa sanin rana na zuwa ba, ta sauko kusa da ruwa amma bata taɓa shi ba, launinta kamar na kwaiduwar ƙwai, ta shimfiɗa hanya ɗaya mai ƙyalli a kan tekun tun daga can har gindin dutsen. Ba jirgi ba tsibiri ba komai a gabanka. Mutane ɗaruruwa amma wurin yayi tsit na ɗan lokaci, sai iska. Muka tsaya muna kallo har sha biyu ta wuce, ta ɗan tafi a kwance ta gefen dama sannan ta fara ɗagawa sama kuma. Maiɗakina hawaye take, ta riƙe hannuna tana ta subhanallah. Kawu ya cire safar hannu ya ɗaga hannuwansa yayi addu'a mai tsawo cikin wannan sanyin, har da sunayen iyayenmu da suka rasu.

Da gari ya buɗe ne muka ga sauran abubuwan dake filin. Ta hagu akwai wani dogon harshen ƙasa da ya kwanta cikin teku, Knivskjellodden, kuma shi ne ma yafi Nordkapp shiga arewa da kusan kilomita ɗaya da rabi, sai dai mota bata zuwa, tafiyar ƙafa ce kilomita 9 zuwa 9 dawowa, da dattijo a tare damu bamu ko fara ba. Akwai kuma wasu manyan faya-faye guda bakwai a tsaye da mutum-mutumin uwa da ɗanta a gefe, zanen yara bakwai ne daga ƙasashe daban-daban da aka tara a wurin a 1988, akwai na Tanzaniya a ciki, Kawu sai da ya nemo shi aka yi masa hoto a wurin.

Wanda zai je, ya taho da rigar da iska bata ratsawa da hular da ta rufe kunne ko da a Yuli ne, kuma kar ya kama masauki nesa, don in hazo bai buɗe ba yau ya samu damar dawowa gobe. Mu a wani ɗan ɗakin katako muka sauka kusa da Skarsvåg, kilomita goma sha ne daga dutsen, labulensa siriri ne ƙwarai rana ta hana mu barci sai da na rataya bargo a tagar, don haka abin rufe ido ma ka saka a jaka. Ƙarfe biyu saura muka bar wurin, na kunna mota na sauke abin tare rana na gaban gilas, a kwanar farko muka tarar da barewa shida kwance a tsakiyar kwalta da ɗan ƙaraminsu, muka kashe mota muka jira su.