Labarin ban tsoro: littafi za ka saya ko fim za a tura maka?

A Maraɗi fim ya fi littafi sauƙin samu nesa ba kusa ba. Ka miƙa wa mai turi wayarka a bakin kasuwa, kafin ka gama shan shayi ya cika maka ita. Littafi kuwa sai an yi saƙo Yamai a kawo fassarar Faransanci, ko a jira mai zuwa Kano in kana jin Ingilishi, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa a tura maka fina-finai masu yawa. Don haka ba kowane labari ne ya cancanci wannan wahalar ba.

Wanda zan ce ka sayi littafinsa ko da jaka nawa ne shi ne Shining na Stephen King, na 1977. Stanley Kubrick ya mayar da shi fim a 1980, amma kusan labari biyu ne da suna ɗaya. A littafin, Jack Torrance magidanci ne da giya ta taɓa rusawa, yana son matarsa da ɗansa, yana ƙoƙarin gyara halinsa, otal ɗin Overlook da aka ba shi aikin kula da shi na cinye masa hankali a hankali. Kana cikin kansa kana jin yadda yake zamewa, nan ne tsoron yake. A fim ɗin, tun fitowar farko ta Jack Nicholson, wanda ya fito a matsayin Torrance, ka san wannan ba lafiya ba, ba sauran abin jira. Ƙarshen ma ya bambanta: a littafi tukunyar ɗumama otal ce ta fashe ta ƙone ginin, a fim sanyi ne ya daskarar da Torrance a waje. Hallorann, mai dafa abinci da ya dawo ceton yaron, ya tsira a littafi, a fim gatari ya gama da shi. King kansa bai ɓoye cewa fim ɗin bai yi masa ba. Ni dai ina son fim ɗin, don kiɗansa da dogayen lungunan nan, amma bayan karatu.

L'Exorciste akasin haka ne. William Peter Blatty ya rubuta littafin a 1971, shi ne kuma ya rubuta fim ɗin 1973, har ya ci kyautar Oscar a kansa, shi ya sa ba abin kirki da ya ɓace. Yarinya mai shekara 12, likitoci sun gaza, aka koma ga malaman coci. Wanda ya taɓa zama inda ake yi wa mai aljanu ruƙiyya zai gane yanayin nan take, kuma canjin murya abu ne na kunne, takarda ba ta iya shi. A tura maka fim ɗin, ka ajiye kuɗinka. Sai dai akwai ashar da abubuwan da ba na kallo da iyali ba ne.

Ça na King, 1986, labarin wasu yara da dodon da ke farautarsu, ya wuce shafi 1000. Fina-finan 2017 da 2019 sun raba shi biyu, suka ɗauke ƙuruciyar yaran daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa ƙarshen 1980. In Faransancinka bai nuna sosai ba, kada ka fara da wannan.

Dracula na Bram Stoker kuwa, na 1897, ba sai ka saya ba, ya tsufa har ana samunsa kyauta a intanet. Wasiƙu ne da rubutun yau da kullum na mutanen labarin, shi dodon ba ya yawan bayyana. Fim ɗin Coppola na 1992 ya ƙirƙiro masa soyayyar da babu ita a littafin, da Mina, ɗaya daga cikin matan labarin, ya ƙara tsiraici. Ka sauke littafin a waya, ka rage hasken fuskarta, ka karanta shi a tsakar gida daren da aka ɗauke wuta.